Gwaji Na Biyu

Ranar da abin ya fara, babu wani abu a gidan Mai Gyara da ya bambanta da sauran ranaku. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Maman Tilo tana kicin tana fama da tukunya, shi kuwa maigidan ya kwantar da kwamfutar gidan a kan teburin falo, ya kwance murfin gefenta, ya tura kai ciki. Shekara ashirin da ɗaya ke nan yana wannan sana'a a wani ɗan shago da ke ƙasan bene, kuma duk unguwar an san shi da abu biyu: ba ya ƙarya a kan gyara, ba ya kuma yarda da abin da bai gwada da hannunsa ba. Ko matarsa ce ta ce masa ruwan wanka ya yi zafi, sai ya tsoma yatsa.

Kwamfutar ta 'yarsu ce, ko da yake ba a taɓa faɗin haka da baki ba. Yarinyar shekararta goma sha biyu, ita kaɗai Allah ya ba su bayan dogon jira, shi ya sa kowa ke kiranta Tilo, in ban da uban da ke ce mata Uwata. Ta kamu da son zane, kwamfutar kuwa ta yi nauyi, in aka buɗe manhajar zanen sai ta tsaya tana nishi kamar tsohuwa a gindin matakala. Maganin abin shi ne ƙarin ram, wato ɗan siririn fallen nan mai tsawon tafin hannu, mai haƙora ruwan zinariya a gefe guda, wanda kwamfuta ke ɗora aikin da ke gabanta a kansa. Guda ɗaya ne a ciki. Na biyun ya zo da shi a aljihun riga, naɗe cikin takarda.

Ba sabo ba ne. A makon nan aka kira shi ya kwashe tarkacen wani ofis da aka rufe shekaru da yawa, a wani ɗakin ajiya na can ƙurya marar taga, jikin wani banɗaki da ya daɗe da mutuwa. A nan ya ga wata kwamfuta yashe a ƙasa, ƙura ta binne ta. Da ya buɗe ta sai ya tarar da cikinta tsaf, ko yanar gizo-gizo babu, da ya dafa ram ɗin kuma sai ya ji shi da ɗumi, alhali babu wuta a ginin gaba ɗaya. Ya ce wa kansa zafin ɗaki ne, ya zare shi ya jefa a aljihu.

Ya danna fallen a gurbinsa har ya ji ƙas, ya mayar da murfi, ya kunna. Kwamfutar ta tashi garau. Tilo ta buɗe zanenta, ta ga komai yana gudu, ta yi tsalle.

"Baba, yau kam ka yi aiki!"

"Da can wasa nake yi ke nan, Uwata?"

Suna cikin dariyar aka kira magariba. Ladan bai kai ƙarshen kira ba allon ya rikiɗe ya zama shuɗi, kwamfutar ta mutu, ta sake tashi da kanta, ta yi ƙara sau uku ta yi shiru. Cikin wannan shirun dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Ya gangaro a hankali, suna jin tafiyarsa har bakin indararo, amma ba su ji faɗuwarsa a ƙasa ba. Mai Gyara ya fita ya zagaya gidan yana zagin 'ya'yan maƙwabta, layin kuwa wayam, kowa ya shige.

Kwana biyar ya yi yana bin matsalar yadda ya saba, abu ɗaya bayan ɗaya. Ya zare fallen ya goge haƙoransa da abin goge fensir ya mayar. Ya sauya musu gurbi, tsohon ya koma wurin sabon. Ya shiga saitin farko na kwamfutar ya rage musu gudu don kada ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya. Ya canja akwatin wuta. Ya ɗora kwamfutar a bayan babur ya kai ta shago, ya sa mata manhajar gwaji tun safe har la'asar, ko kuskure ɗaya ba ta nuna ba. Amma da ya dawo da ita gida, da zarar hasken rana ya janye daga bangon tsakar gida, sai allon ya koma shuɗi, dutse ya faɗo.

Duwatsun suka ƙaru, daga ɗaya suka koma ruwa. A rana ta uku Maman Tilo ta shigo falo ta tarar da fankar kwamfutar tana juyawa, wayar wutar kuwa tana ƙasa a zare. A ta huɗu suka ji gunaguni daga cikin akwatin kwamfutar, ƙasa-ƙasa, irin na mutumin da aka tayar daga barci. Tilo ta daina zane, ta daina cin abinci. Da yamma sai ta zauna a lungun ɗakinta ta fuskanci bango, ta haɗe gwiwa da ƙirji, in aka kira ta sai ta juyo da kai kawai, da wani kallo na wanda bai san ka ba kuma bai damu ya sani ba. Aka kai ta asibiti, aka auna duk abin da ake aunawa, aka ba ta maganin ƙarin jini da na barci. Uwar ta duƙufa da addu'a, tana tofa mata a ruwa.

"Baban Tilo, don Allah ka cire abin nan da ka kawo," in ji ta. "Tun ranar da ya shigo gidan nan ba mu ga daidai ba."

"Haba, Maman Tilo. Ƙarfe da roba ne fa. Sau dubu nawa na sa irinsa?"

"Ni dai na faɗa maka."

Bai cire don ta faɗa ba, ya kamata a yi masa wannan shaidar. Ya cire ne don a tsarin aikinsa an zo wurin, tunda an gwada komai saura a bar tsohon ram shi kaɗai a gani. Rana ta shida da safe ya zare baƙon fallen, ya naɗe shi a takardarsa, ya jefa cikin akwatin kayan aiki. Magariba ta zo ta wuce, rufin bai ce uffan ba. Tilo ta fito daga ɗaki tana murza ido, ta ce yunwa take ji, kuma wa ya taɓa mata fensiranta. Uwar ta fashe da kuka tana dariya, ta zuba mata abinci har sau biyu.

Kwana huɗu gidan ya yi lafiya lau, kowa yana murna in ban da maigidan. Yana son 'yarsa, wannan ba abin tambaya ba ne, da za a ce ya ba da idonsa don ita da ya tambaya na dama ko na hagu. Amma wani abu yana cin sa. Abu uku aka canja lokaci guda: maganin asibiti, addu'ar uwar, da cire fallen. Wanne ne ya yi aiki? A sana'arsa babu gangancin da ya kai ka canja abu uku tare sannan ka ce ka gano cuta. Abin da ya koya tun yana ɗan koyo shi ne, ba ka san matsala ba sai ka iya dawo da ita da hannunka. Ka cire abu, ta tafi. Ka mayar, ta dawo. Ka sake cirewa, ta tafi. Daga nan ne kake da bakin magana. Ya yi wa ɗaruruwan kwamfutoci haka, bai taɓa jin kunya ba.

Ya ce wa kansa minti goma kawai. Ya ce wa kansa ai don lafiyarta ne ma, domin in ba fallen ba ne, to cutar tana nan kwance a jikinta, gara a sani a nemi magani. Mutum in yana son yin abu, dalilai ba sa yi masa wuya. Kuma tunda matsalar ba ta zuwa sai da magariba, dole gwajin ya zama da magariba, a cikin gida, yarinyar tana nan.

A rana ta biyar da cire fallen Maman Tilo ta leƙa maƙwabta duba mai jego. Tilo tana tsakar gida tana wanke safarta ta makaranta a bokiti, tana 'yar waƙa. Mai Gyara ya kwance murfin, ya warware takardar. Fallen yana da ɗumi. Ya ji ɗumin sarai a yatsunsa, ya tsaya, ya saurari waƙar 'yarsa, sannan ya danna har ya ji ƙas.

Kwamfutar ta tashi. Aka kira salla, allon bai ko ƙifta ba. Minti biyar, minti goma, ba shuɗi ba ƙara, rufin shiru. Ya buɗe manhajar zane, komai yana gudu kamar ranar farko. Murmushi ya suɓuce masa, har ya fara shirya yadda zai tsokani matarsa. Sai a lokacin ya lura waƙar ta tsaya, ya kuma ji bokiti ya kife.

Ya same ta a tsaye cikin ruwan kumfa, hannuwanta sun sandare a gefe, kanta ya karkace. Ta dube shi ta yi murmushin da ba nata ba. Ya ruga falo ya fizge fallen ko kashe wuta bai yi ba, ya dawo da gudu. Tana nan yadda ya bar ta. Wannan karon ya cire, amma matsalar ba ta tafi ba.

Bai faɗa wa kowa ba. Da matarsa ta dawo ta ga halin da ake ciki ta zube a ƙasa, ya ce mata haka kawai abin ya dawo. Wannan ce ƙarya ta farko da ya taɓa yi a kan gyara. Washegari ya ɗauki fallen ya koma ginin nan don ya mayar da shi inda ya ɗauko, ya tarar an share ɗakin ajiyar tas, an fasa taga, masu fenti suna aiki suna hira. Ya tsaya da takarda a hannu har ɗayansu ya tambaye shi ko ɓatan hanya ya yi.

Kwana goma sha ɗaya aka yi. Duwatsu suka daina, domin mai jifan ya samu wurin zama. Tilo ta rame har wuyan rigarta yana zamewa daga kafaɗa. Da rana tana kwance ido buɗe, da yamma sai wata murya mai kauri ta riƙa fita daga ɗan ƙaramin ƙirjinta, tana magana da wasu da ba a gani. Mai Gyara ya rufe shago. Yakan zauna a bakin ƙofar ɗakinta yana kallon hannunsa, tsoro da kunya suna cin sa, ya kasa haɗa ido da matarsa.

Ita ce ta nemo Malam, wani dattijo ɗan tsamurmuri mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a kan tabarma, ya yi tambaya kamar mai gyara: yaushe abin ya fara, me ya shigo gidan, me aka taɓa. Mai Gyara ya ba da labarin ɗakin ajiya da fallen, ya kawo shi ya ajiye a gabansa. Maganar magaribar nan ta biyu kuwa ya haɗiye ta. Malam ya dube shi ta saman tabarau.

Aka kwantar da yarinyar, uwar ta riƙe mata ƙafafu. Malam ya fara karatu a kunnenta, murya ƙasa, ba gaggawa. Inuwa ta ci rabin ɗakin kafin jikinta ya fara rawa. Ya ci gaba. Bayanta ya bankare, haƙoranta suka datse, sannan muryar ta fito.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai, kuma me ya kawo ka jikin yarinyar da ba ta yi maka komai ba?"

"Shekara tara ina zaune a akwatina, ban taɓa kowa ba. Aka zo aka ɗauke ni a aljihu. Na yi jifa don a mayar da ni, ba a ji ba. Na kama yarinyar don a ji. Da aka cire ni daga akwatinsu na sake ta, na ce ɗauka ce ta rashin sani, na yafe."

"To me ya dawo da kai?"

Kan yarinyar ya juya a hankali har idanun suka sauka a kan uban.

"Tambayi mai hannu."

Maman Tilo ta ɗago kai ta dubi mijinta.

"Ya ji ɗumina a yatsunsa," in ji muryar. "Ya san abin da na yi mata. Yana jin waƙarta ya danna ni. Na farko sata ce, na biyu gayyata. Wanda aka gayyata ba a korarsa da cire ƙarfe."

"Baban Tilo," in ji matar. "Ka mayar?"

"Gwadawa na yi," ya ce. "Minti goma kawai, don in tabbatar..."

"Da 'yata ka yi gwaji."

Ba ta ƙara ba, kuma da ta yi ihu da ya fi masa sauƙi. Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi, muryar ta yi ta kururuwa har gilashin taga yana karkarwa. Da ta gaji ta nemi sulhu. Ta ce a mayar da ita gidanta, aka ce gidan ya tashi. Ta ce to a bar mata yarinyar shekara guda, Malam ya ce ko kwana guda. Mai Gyara ya rarrafo ya durƙusa, hawaye yana bin gemunsa.

"Ni na yi laifin. Ka fita daga jikinta ka shiga nawa."

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya.

"In yi me da kai? Kai da ko zafin ruwa ba ka yarda da shi. Cikinka ba wurin zama."

Malam ya ɗaga murya ya ci gaba, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, har hasken tagar ya koma toka-toka. Can muryar ta dawo a sanyaye, a gajiye.

"Zan fita, tsoho. Na rantse da Wanda ka karanta maganarsa zan fita, in nemi kangona. Amma ƙofar da aka buɗe mini tawa ce, ba mai ƙwace ta. Hannun uban nan shi ne ƙofata. Ranar da fatarsa ta taɓa ta yarinyar, ko da kan yatsa ne, ta nan zan dawo, kuma ranar ko kai ba za ka fitar da ni ba."

"Ba ka da wannan ikon," in ji Malam.

"To ya gwada."

Jikin yarinyar ya miƙe, ƙaramin yatsan ƙafarta na hagu ya yi ta karkarwa shi kaɗai, ta yi atishawa sau uku, ta saki jiki. Numfashinta ya dawo irin na yaro mai barci. Malam ya sa hannu ya taɓa fallen da ke kan takarda, ya ce ya huce.

A zaure, da Malam yake neman takalminsa, Mai Gyara ya tare shi.

"Malam, maganar nan ta ƙarshe. Gaskiya ce?"

"Suna ƙarya, ɗana. Mafi yawan abin da suke faɗa ƙarya ne, don su bar baƙin ciki a bayansu." Ya zura ƙafa a takalmi. "Amma a kan abin da ka aikata bai yi ƙarya ba."

"To yaya zan gane?"

Dattijon ya dube shi da tausayi, don su biyun sun san hanya ɗaya ce tak: a gwada. Abin da ya ce kawai shi ne kada a faɗa wa yarinyar komai, domin ba za ta tuna ba, tsoro kuwa shi ma ƙofa ne. Da ya fita, Maman Tilo ta zo ta tsaya a bayan mijinta.

"Na zauna da kai shekara ashirin da biyu, na san ka," ta ce a hankali. "Wata rana abin zai fara cin ka, ka ce bari ka gani. Ranar da na ga hannunka ya nufe ta, wallahi ba za ka sake ganin mu ba."

Suna tsaye suka ji motsi. Tilo ce ta fito tana dafa bango, idanunta nata ne sak. Ta ga ubanta, fuskarta ta washe, ta saki bangon ta nufo shi hannuwa a buɗe.

"Baba, jiri nake ji, riƙe ni."

Ya ja da baya. Taku ɗaya, sannan na biyu, har bayansa ya bugi ƙofa, ya kai hannuwansa baya ya damƙe ɗaya da ɗaya. Yarinyar ta yi tangaɗi ta faɗi a kan gwiwoyinta kafin uwar ta kai gare ta. Ba ta yi kuka ba, ta dai ɗago kai tana kallonsa.

Haka aka ci gaba. Ta warke, ta yi ƙiba, ta koma makaranta. Shi kuwa ya koyi ajiye kofi a kan tebur maimakon ya miƙa mata, ya koyi manne wa bango in sun haɗu a lungu, ya daina ɗaukar ta a babur ya ce bayansa ke ciwo. Ya sayo riguna masu dogon hannu. Kullum yana tunanin wataƙila ƙarya ce, wataƙila duk wannan azabar a banza yake shan ta, kuma kullum ya san ba zai taɓa sani ba. Tilo ta fara da tsokana, tana kai masa cafka yana gocewa, ta ɗauka wasa ne. Daga baya ta daina dariya, daga baya kuma ta daina kai cafkar.

Wata yamma ya dawo daga shago ya tarar da ita zaune a bakin ƙofar falo, ta tare hanya. Ta yi wanka, ta sa kayanta masu kyau, ta ɗora littafin sakamakon jarrabawa a cinya. Ya tsaya nesa da ita kamar taku uku.

"Baba, na zo ta ɗaya."

"Madalla, Uwata. Allah ya yi miki albarka. Ajiye a nan in gani."

Ba ta ajiye ba. Ta miƙo masa littafin, ta ƙi sauke hannu. Ta bayanta yana hango uwar a ƙofar kicin, ta tsaya cak da ludayi a hannu.

"Na yi ta tunani ban gano ba," in ji yarinyar. "Ko lokacin da ba ni da lafiya na faɗa maka wata mummunar magana ne? In na yi, ban sani ba, Baba. Ka yafe mini."

"Ba ki yi komai ba, Uwata."

"To karɓi."

Ya dubi littafin, ya dubi 'yan yatsun da ke riƙe da shi. Sannan ya zura hannuwansa biyu cikin aljihu.

"Ajiye a ƙasa," ya ce.